Kayan Watsa Taki da Yashi a Filin Wasa da Filin Ciyawa: Yadda Ake Zaɓensu da Daidaita Su

Gabatarwa

Ya ku malaman gona da manoma, shawarar da ake nema a wajenku a yau ba ta tsaya ga masara da shinkafa kaɗai ba. A garuruwa irin su Abuja, Minna, Jos, Lokoja, Ibadan da Legas, makarantu da barikoki da ma'aikatu da masaukan baƙi suna da filayen ƙwallo da filayen ciyawar ƙawa, kuma sau da yawa manomin da ya saba da aikin lambu ake ɗauka ya kula da su. Idan ciyawar ta lalace, malamin gona ake kira.

Dasa ciyawa ya fi kula da ita sauƙi. Babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja, wanda aka buɗe a 2003 domin wasannin ƙasashen Afirka, aka kuma sa masa sunan Moshood Abiola a 2019, sai da aka sake dasa ciyawarsa tsakanin 2020 da 2021 bayan ta lalace. Idan haka ta faru da filin ƙasa, ina ga filin makarantar da ba ta da kuɗin sake dashe?

Wannan bayani ya shafi ɓangare ɗaya na kula da ciyawa, wato watsa taki da yashi da iri da farar ƙasa ta yadda kowane taku na fili zai sami rabonsa daidai. Za ku ga irin kayan aikin da ake da su, da inda kowanne ya dace, da yadda ake gwada su kafin a shiga fili. Abin da za ku riƙe tun daga farko shi ne, injin ba ya daidaita kansa. Mai aiki ne ke daidaita shi da awo da gwaji.

Illar watsa taki ba daidai ba

A gonar masara ana tona rami a gefen kowace shuka a binne taki. Ciyawar fili kuwa shimfiɗa ɗaya ce, babu layi babu kunya, don haka sai dai a watsa a kanta, kuma duk kuskuren hannu yakan fito fili.

Na taɓa ziyartar filin wata makarantar sakandare kwana goma bayan an watsa masa yuriya da hannu. Daga bakin raga filin ya yi layi-layi kamar jikin jakin dawa: nan kore shar, can fari-fari, a wurare da dama kuma ciyawar ta ƙone ƙurmus, musamman inda aka ajiye buhu ana ɗiba. Takin da aka saya ya isa filin har da saura, rabon ne bai yi daidai ba.

Inda taki ya yi yawa, gishirinsa yakan tsotse ruwan ganye da na saiwa, ciyawar ta bushe kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Idan ba ta mutu ba, sai ta yi toho mai taushi wanda ba ya jure takawa, cuta kuma tana saurin kama shi. Inda taki ya yi kaɗan, ciyawar takan yi sirara, ƙasa ta bayyana, aya-aya da sauran ciyayin da ba a so su sami wurin zama. Sakamakon haka ƙwallo ba ta gudu daidai, 'yan wasa suna samun targaɗe, kuɗin taki kuma ya tafi a banza.

Ire-iren kayan watsawa

1. Mai faifai na turawa. Mazubi ne a kan taya biyu, a ƙarƙashinsa akwai faifai mai haƙarƙari. Juyawar taya ce ke juya faifan, taki ya sauko ta ƙofa ya faɗa kansa, shi kuma ya wurga shi gaba da gefe-gefe. Faɗin watsawarsa yakan kai mita 2 zuwa 4, gwargwadon nauyin ƙwayar taki da saurin tafiya. Yana da sauri, kuma shi ya fi dacewa da filin ƙwallo na makaranta. Amma takinsa ya fi kauri a tsakiya, yana raguwa zuwa gefe, kuma iska tana karkatar da shi.

2. Mai zubarwa ƙasa. Dogon akwati ne tsakanin taya biyu, da jerin ramuka a gindinsa da maburgi a ciki. Taki yana zuba kai tsaye a faɗin akwatin, wanda yawanci bai wuce santimita 50 zuwa 90 ba. Iska ba ta damunsa sosai, shi ya sa ya dace da abu mai gari kamar farar ƙasa, da ƙananan filaye, da gefen furanni ko magudanar ruwa. Aibinsa jinkiri da rashin yafe kuskure: idan aka bar tazarar tafin hannu tsakanin zuwa da dawowa, farin layi zai fito, idan kuma aka maimaita wuri, ya sami ninki biyu.

3. Na ratayawa. Jaka ce ko ƙaramin mazubi da ake ratayawa a ƙirji, ana juya faifansa da hannu. Ya fi sauran araha, yana shiga wuri mai tudu da kwari, kuma manomi zai iya amfani da shi a fadamar shinkafa. Sai an daidaita saurin hannu da na ƙafa kafin ya yi aiki mai kyau.

4. Na tarakta. Babban mazubi ne mai faifai ɗaya ko biyu, ko mai bututu da ke kaɗawa dama da hagu. Sandar bayan tarakta ce ke juya shi, yawanci a kan juyi 540 a minti ɗaya. Ya dace da manyan filaye da gonakin ciyawar dabbobi. Kada a shigar da tarakta mai tayar noma filin wasa, musamman idan ƙasa ta jiƙe, domin za ta danne ƙasar ta bar sawu.

5. Mai shimfiɗa yashi. Wannan yana da bel a gindin akwatinsa da burushi mai juyawa a baya, an ƙera shi domin abu mai nauyi da danshi kamar yashi da ruɓaɓɓen taki. Yana da tsada. Kada ku zuba jiƙaƙƙen yashi a cikin mai faifai na turawa, zai toshe ƙofa ya kuma cinye haƙoran giyarsa.

Lokacin saye, ku duba mazubin roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa, da taya mai faɗi, da rariya a bakin mazubi, da ƙofar da ke rufewa ruf idan an saki liba. Ku tambaya ko ana samun kayan gyaransa a kusa.

Lissafin abin da fili ke buƙata

Kafin a taɓa injin, a san girman fili. Filin ƙwallo na manyan wasanni yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68, wato murabba'in mita 7,140, kusan kashi 7 cikin 10 na hekta. Filayen makarantu sun bambanta, don haka ku auna naku da tef.

Ƙa'idar da masu kula da ciyawa ke bi ita ce, kada sinadarin naitirojin mai saurin narkewa ya wuce giram 5 a kowane murabba'in mita a zubi ɗaya. Yuriya tana da naitirojin kashi 46 cikin 100, don haka giram 11 na yuriya ne ke ba da wannan adadi. A filin murabba'in mita 7,140 ya kama kilogiram 78, wato buhu ɗaya da rabi da ɗan ƙari, idan buhun mai kilogiram 50 ne. Idan kamfa 15:15:15 za a zuba, giram 33 ake buƙata a murabba'in mita, wato kilogiram 236 a fili, ƙasa kaɗan da buhu biyar. Wannan shi ne iyaka, ba dole ne a kai gare shi ba. Ba da kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi ba da mai yawa a lokaci guda, kuma gwajin ƙasa ne zai nuna ko ana buƙatar kamfa ko yuriya kaɗai ta wadatar.

Ku dubi ƙanƙantar giram 11: kimanin cikin cokalin cin abinci ɗaya ne kawai, amma shi za a raba wa wuri mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Hannun mutum ba ya iya wannan rabo a fili guda ba tare da awo ba.

Gwajin farko: gano faɗin watsawa

Lambobin da ke jikin liba ba giram ba ne ba kilo ba, alama ce kawai ta girman buɗewar ƙofa. Yuriya da kamfa ba sa zuba da sauri ɗaya ko da an sa su a lamba ɗaya, domin ƙwayoyinsu sun bambanta a girma da nauyi. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga yadda ake gwada mai faifai:

1. A sami daɓen siminti ko a shimfiɗa babban tampol, a ranar da babu iska.
2. A jera faranti ko kwali 11 masu girma ɗaya a layi, tazarar santimita 50 tsakaninsu, a bar hanyar taya a gefen na tsakiya. A sa tsumma a cikin kowanne don kada ƙwayoyi su yi tsalle su fita.
3. A cika mazubi zuwa rabi, a ratsa layin sau uku, duka ta fuska ɗaya, da saurin da za a yi aiki da shi.
4. A juye abin da kowane faranti ya tara a ƙananan kwalabe iri ɗaya, a jera su yadda farantan suke.
5. A nemi kwalbar dama da ta hagu da takinsu ya kai rabin na kwalbar tsakiya. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce faɗin aiki.

Idan faɗin aiki ya kama mita 3, to tsakanin sawun zuwa da na dawowa mita 3 ne, ko da kuna ganin ƙwayoyi suna faɗawa nesa da haka. Gefen da ya yi sirara a zuwa, dawowa ce ke cike shi. Idan kwalaben gefe ɗaya sun fi na ɗaya gefen cika, a duba ko faifan ya lanƙwashe, ko taki ya daskare a haƙarƙarinsa, ko mai turawa yana karkata mariƙi.

Gwaji na biyu: gano yawan abin da ke zuba

1. A auna tsawon mita 50, a kafa turke a farko da ƙarshe. Da faɗin aiki na mita 3, wurin gwajin ya zama murabba'in mita 150.
2. A koyi tafiya: saurin kilomita 5 a awa shi ne cin mita 50 a daƙiƙa 36. A maimaita da agogon waya har ƙafa ta saba.
3. A auna kilogiram 5 na takin a sikeli a zuba a mazubi.
4. A fara tafiya kafin turken farko, a buɗe ƙofa daidai kansa, a rufe daidai kan na biyu.
5. A juye ragowar a auna. Bambancin shi ne abin da ya zuba.

A kan giram 11, murabba'in mita 150 yana buƙatar giram 1,650. Amma shawarar da ake bayarwa ita ce a raba takin biyu, a watsa rabi ta tsawon fili, rabi ta faɗinsa, domin zagaye na biyu ya rufe kuskuren na farko. Saboda haka abin da ake nema a gwajin shi ne giram 825, wato ragowar cikin mazubi ta zama kilogiram 4 da giram 175. Idan abin da ya zuba ya fi haka a rage ƙofa, idan bai kai ba a ƙara, a sake gwadawa har sai bambancin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. A share takin da ya zuba a tampol a mayar da shi buhu. A rubuta lambar liba da sunan takin da sunan mai turawa a littafi, domin idan ɗaya daga cikin ukun ya canza sai an sake gwaji.

Mai zubarwa ƙasa ba ya buƙatar gwajin faranti, faɗin akwatinsa shi ne faɗin aikinsa. Ana iya ɗaura masa tsagin bututun roba a ƙarƙashin ramuka ya tari abin da ke zuba, sannan a auna.

Ranar aiki

A yanke ciyawa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Ana son ƙasa mai danshi amma ganye a bushe, don haka a jira raɓa ta ɗauke, ko a bari sai la'asar. Ƙwayar taki takan manne wa jiƙaƙƙen ganye ta ƙona shi. Kada a watsa idan hadari ya haɗu ana sa ran ruwa mai ƙarfi, kada kuma a watsa cikin iskar hunturu.

A cika mazubi a wajen fili, a kan tampol, ƙofa a rufe. A farfasa dunƙulen taki a tace shi da rariya. A fara da zagaya gefen fili, sannan a kafa turaku a ɓangarorin biyu bisa faɗin aiki, mai turawa ya riƙa kallon turken da ke gabansa, ba ƙafarsa ba. A rufe ƙofa kafin a juya, kafin a tsaya, kada kuma a ja injin da baya ƙofa a buɗe. Da faɗin mita 3, filin mita 105 da 68 zai ci sawu 23 ta tsawo da sawu 35 ta faɗi, jimlar tafiyar kusan kilomita 5, wato kimanin awa ɗaya ban da tsayawar cika mazubi. Da mai zubarwa ƙasa mai faɗin santimita 60 kuwa, zagaye ɗaya kaɗai ya kusa kilomita 12.

Da an gama a ba da ruwa kimanin lita 5 a kowane murabba'in mita, wato lita 35,700 a cikakken fili. Ruwan yana wanke ganye, yana kuma shigar da takin ƙasa. Yuriyar da aka bari a sarari cikin zafi takan rikiɗe ta zama iskar amoniya ta tashi. Idan babu wannan ruwa a rani, gara a jira damina. Kada a bar yara su shiga filin sai ƙwayoyin sun narke. Idan taki ya zube a wuri guda, a kwashe shi nan take da tsintsiya da shebur, sannan a kwarara ruwa mai yawa. Mai aiki ya sa safar hannu da takalmin roba, da takunkumi idan abin mai gari ne.

Shimfiɗa yashi

Ana shimfiɗa yashi domin cike ƙananan ramuka, da taimaka wa ruwa ya nutse, da rufe jijiyoyin ciyawa masu yaɗo irin na kiri-kiri su yi sabuwar saiwa. A yi amfani da yashin rafi mai matsakaicin tsaki, wanda aka tace, marar laka da tsakuwa. A yi aikin lokacin da ciyawa ke cikin girma, bayan an huda ƙasa da ƙarfe mai yatsu.

Kaurin milimita 3 ya isa a zubi ɗaya. A cikakken fili wannan ya kama kubik mita 21 da ɗan ƙari. Inda babu injin shimfiɗawa, baro da igiya sun wadatar. A auna cikin baro da bokiti mai awo. Idan yana cin lita 60, to baro ɗaya na murabba'in mita 20 ne. A raba fili da igiya gida-gida, mita 4 da mita 5, a juye baro ɗaya a kowane gida, a watsa da shebur, a baje da bayan manjagara, sannan a ja guntun wayar shinge ko katako a kai ta tsawo da ta faɗi. Dole kan ganyen ciyawa ya riƙa leƙowa, idan yashi ya binne shi zai ruɓe.

Farar ƙasa da iri

A yankunan da ruwan sama ke da yawa, musamman kudancin ƙasar nan, ƙasa takan yi tsami. Idan gwaji ya nuna ma'aunin tsamin ya gaza 5.5, ana gyara ta da garin farar ƙasa na gona. Ba irin mai zafi da magina ke jiƙawa ake nufi ba, wannan ƙona ciyawa yake yi. Yawan da za a zuba sakamakon gwajin ne zai faɗa, kuma mai zubarwa ƙasa ne kayan aikinsa.

Irin kiri-kiri ƙanana ne ƙwarai. A gauraya shi da busasshen yashi kafin a zuba a mazubi, a riƙa motsawa domin kada ya taru wuri ɗaya, a kuma yi gwaji da gaurayen, ba da tsurar irin ba.

Idan babu injin

A raba fili da igiya gida-gida, mita 10 da mita 10. Kowane gida yana buƙatar kilogiram 1 da giram 100 na yuriya. A auna sau ɗaya a sikeli, a zuba a gwangwani a yi masa alama, ya zama ma'auni. A gauraya da busasshen yashi ninki uku ko huɗu, a raba biyu, a watsa rabi ta tsawo rabi ta faɗi. Kada a ɗauki rabon wani gida a kai wani.

Kula da kayan aiki

Taki yana jan danshi daga iska, yana kuma cin ƙarfe. Kada ya kwana a mazubi. Bayan kowane aiki a wanke injin a wurin da ruwan ba zai gangara rijiya ko rafi ba, a shanya shi ya bushe sarai, a shafa mai a ƙarfen taya da ƙofa, a ajiye a inuwa. A tabbata iskar tayoyin biyu daidai take, domin taya mai saɓo tana karkatar da faifai. A ajiye buhunan taki a kan katako, baki a ɗaure.

Kammalawa

Malamin gona, wannan lissafi ba na filin wasa ba ne kaɗai. Giram 1 a murabba'in mita daidai yake da kilogiram 10 a hekta, buhu ɗaya a hekta kuma shi ne giram 5 a murabba'in mita. Da wannan ƙa'ida, gwajin da aka bayyana zai yi muku aiki a fadamar shinkafa, da gonar alkama, da gonar gamba ta masu kiwo. Ku tanadi sikeli da tef da igiya da littafi, ku gudanar da gwajin a gaban manoma da masu kula da filaye, kowa ya tura injin da hannunsa ya auna ragowarsa. Ƙungiyar manoma ko ta matasa za ta iya sayen injin ɗaya ta riƙa yi wa makarantu da ma'aikatu aiki. Duk wanda ke da shakka a kan irin takin da ƙasarsa ke buƙata, ya kai samfurinta ofishin aikin gona mafi kusa kafin ya sayi buhu ko ɗaya.